Cikin da Aka Ce Ya Kwanta

Shekarunmu da aure sun kai a ce muna da mai kai mini abinci gona, amma matata ba ta taɓa ko ɓatan wata ba. A Gayam muke zaune, cikin gidan da mahaifina ya bari, ni da ita da mahaifiyata, wadda muke kira Inna. Turawa ba su daɗe da sauka daga mulki ba a lokacin. Da damina ina noman dawa da doya, da rani kuma in bi masu yankan katako cikin daji.

An yi magani iyakar yi. Ta sha rubutu, ta sha sassaƙe, har Bafillatanar da ke kawo mana nono ta kawo mata wata saiwa daga rugarsu. Ba ta taɓa yi mini kuka a kan maganar ba. Abin da na lura da shi kawai, in ana suna a unguwa ita ce ta farkon zuwa wajen daka, ita ce kuma ta farkon dawowa gida.

Wata shekara bayan girbi sai ta ji wani abu mai tauri a mararta, ta gefen dama. Ni ba ta gaya mini ba. A wajenmu mace ba ta buɗe baki ta ce wa mijinta tana da ciki, balle na fari. Inna ce ta gano, don ta ga tana yawan dafa wurin in ta sunkuya. Aka kira ungozoma, tsohuwar da ta karɓi haihuwar rabin garin har da tawa. Ta shiga ɗaki ta shafa, ta danna, ta fito tana dariya.

Ta ce wa Inna, “To tsohuwa, sai a fara tara itacen wanka.”

Ina bayan danga ina gyaran ƙotar fartanya, na ji, na yi kamar ban ji ba. Washegari na shiga daji na saro itace mai kyau na jibge a bayan ɗaki. Ba wanda ya tambaye ni na mene ne.

Cikin ya ɗan taso, ya kai inda mai lura zai gani, daga nan ya tsaya. Watanni suka wuce bai ƙaru ba. Jini kuma bai ɗauke mata gaba ɗaya ba, yakan zo kaɗan, wani wata ya tsallake. Aka sake kiran ungozoma, ta ce ciki ne ya kwanta. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu. An san ɗa yakan yi barci a cikin uwarsa saboda firgita ko bakin mutane, ya yi shekaru, in lokacinsa ya yi ya farka a haife shi. Kowane gari akwai dattijon da ake nunawa a ce wancan ya daɗe a ciki. Na tambayi liman a kaikaice, kamar maganar wani nake yi, ya ce akwai shi. Na yarda, kowa ma ya yarda.

Damina biyu muka yi a haka, kuma ban taɓa ganin matata cikin walwala irin ta wannan lokaci ba. Ta daina dawowa da wuri daga gidan suna. Mata suna tsokanarta a bakin rijiya, suna cewa, “Wannan ɗa naki sarkin barci ne.” Ita kuma ta ce, “Gado ya yi. Ku je ku ga ubansa bayan ya ci tuwo.”

Mutum ɗaya ne bai yarda ba, abokin aikina na zarto. Bagware ne, Kirista, shi yake tsayawa a saman gungume ni ina cikin rami muna ja. Mun shaƙu har ba ma kiran juna da suna. Ni in ce masa mai kafaɗa, don mutanensu ba sa ɗora kaya a ka, shi ya ce mini Bahaushe. Wata rana muna hutawa ya ce, “Ku Hausawa komai naku barci yake yi, har ɗan cikin ciki. Ka kai ta a duba mana.” Na ce masa ya ja zarto ya bar maganar mata. Ya yi dariya, ya bari.

Wajen ƙarshen damina ta biyu sai ciwo ya fara. Tana cikin aiki sai wani abu ya soke ta a gefen, ta durƙusa, ta yi gumi, in ta ɗan kwanta ya sake ta. Ya yi mata haka ba sau ɗaya ba. Ungozoma ta ce alhamdulillahi, ɗa ya farka, juyi yake yi. Tunda haihuwar fari ce, sai a kai ta goyon ciki gidan iyayenta kamar yadda aka saba. Iyayenta suna wani ɗan ƙauye gaba da Kutemeshi, can cikin daji, inda mota ba ta shiga. 'Yan'uwanta mata suka zo suka tafi da ita. Da za ta fita ba ta dube ni ba, ni ma ban dube ta ba, don Inna tana tsaye. Amma na ji tana dariya har suka sha kwana.

Ba a daɗe ba, wata safiya ina gonar doya, sai ga yayanta a kan keke, duk ƙafafun wandonsa taɓo. Ya ce babansu ya aiko a gaya wa Inna naƙuda ta tashi. Ya faɗa, amma bai hau kekensa ba, ya tsaya yana murza birki.

Na ce, “Akwai wata magana ne?”

Ya ce, “Amai take yi tun jiya. Ko ruwa ba ya zama. Kuma ihu take yi.”

Macen da ke haihuwar fari a wajenmu ko nishi mai ƙarfi ba ta yi, abin kunya ne da za a riƙa yi mata gori da shi har ta tsufa. Matata kuwa na taɓa ganin gatari ya sare ta a ƙafa, ta ɗaure da tsumma ta ci gaba da faskare. In ita ce take ihu, abin ya wuce yadda ake faɗa.

Miji ba ya zuwa gidan surukai ana naƙuda. Yana zaune a gida har a aiko masa da albishir. Inna ta faɗa mini haka, na ce na sani. Na ari keke, na biya wajen abokina, bai tambaye ni komai ba ya ɗauko nasa.

Da la'asar muka isa. Na tuɓe takalmi tun daga nesa, na shiga zaure na tsuguna a gaban surukina. Ya yi mamakin ganina, amma dattijo ne, bai nuna ba.

“Sannu da zuwa. Kun zo lafiya?”

“Lafiya lau, Baba.”

“Ya mutanen gida?”

“Suna gaishe ku.”

“Ya damina?”

“Alhamdulillahi.”

“Doya ta yi kuwa bana?”

Kafin in amsa sai muryarta ta taso daga cikin gida. Ban taɓa jin mutum ya yi irin wannan ƙara ba. Na ji wata mace tana cewa, “Ke, rufe mana baki, a kanki aka fara?” Surukina ya dubi ƙasa, ni ma na dubi ƙasa. Na ce doya ta yi.

Abokina ba surukinsa ba ne, ba abin da ya ɗaure masa harshe. Ya ce, “Baba, ka yi haƙuri, ni Bagware ne, ban iya zagaye ba. Ruwan haihuwa ya fashe?”

Tsohon ya aika a kira ungozomar garin. Ta zo bakin zaure ta tsaya daga waje. Ta ce ruwa bai fashe ba, hanya ba ta buɗe ba. Ta ce ciwon ba ya sauka ƙasa yadda naƙuda take yi, wuri ɗaya ya tsaya, cikin kuma ya yi tauri kamar allo, ko taɓawa ba ta bari a yi. Ta ce, “Ni dai na daɗe ina wannan aiki, ban gane wannan ba. Amma uwarta ta ce ɗan da ya daɗe yana barci da wuya yake fitowa.”

Muryar ta sake tasowa, wannan karon a dishe. Sai na ga na miƙe. Na ratsa tsakar gidan da ban taɓa wuce zaurensa ba tun da na yi aure, na ɗaga labulen ɗakin.

Surukata, wadda nake kira Iya, ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta ce, “Innalillahi! Yau na ga abin da ban taɓa gani ba. Suruki a ɗakin naƙuda! Ɗan nan, kanka ɗaya kuwa?”

Na ce, “Iya, ki gafarce ni.”

Ɗakin cike yake da hayaƙin turaren da suka yi mata. Sun sa ta durƙuso tun jiya, yanzu ta kasa, ta kwanta a gefe ta naɗe gwiwoyinta. Leɓunanta sun bushe sun tsage, idanunta sun faɗa. Na taɓa goshinta, zafi kamar an ɗauko dutse daga rana, ga gumi mai sanyi a kai. Ta buɗe ido ta gan ni, ta yi ƙoƙarin jan zane ta rufe jikinta.

Ta ce, “Malam, wani abu ya murɗe mini a ciki. Kada ka bari ya mutu.”

Na ce, “Zan kai ki inda za a cece shi.” Har zuciyata na faɗa, don ni ma a lokacin ɗa nake gani.

Iya ta ce ba inda za a kai ta. Asibiti yanka mutane ake yi, kuma ba za ta ga an ɗauki 'yarta da ranta a kan gado kamar makara an ratsa gari da ita ba. Aka yi ta magana. Surukina ya shigo tsakar gida, ya saurari kowa, sannan ya ce mini, “Matarka ce. Abin da ka gani shi za a yi.”

Ba a shiga wannan daji da duhu, saboda giwaye da kuraye, dole muka kwana. Kafin gari ya waye abokina ya je ƙauyen Gwarawa da ke kusa ya zo da maza daga danginsa. Suka saro doguwar gora mai kauri, suka ɗaure gwado a jikinta ta kai da ta ƙafa, ya zama kamar lilo. Iya ta zagaya ta duba, ta ga bai yi kama da makara ba, ta yarda. Aka sa matata a ciki, mutum biyu suka saɓa a kafaɗa, in sun gaji wasu su karɓa. Iya ta ɗaure ƙullin kayanta ta biyo mu.

Na sha bin wannan daji, amma ban taɓa jin tsawonsa ba sai ran nan. Ciyawar gamba ta fi mutum tsayi, raɓa ta jiƙa mu har wuya, tsando yana cizo ta cikin riga. Masu ɗaukar suna tafiya da wani irin taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, gorar ko girgiza ba ta yi. Na ce su ba ni in karɓa. Ban yi nisa ba ta fara nishi, don ni tafiyata tana jijjiga ta.

Abokina ya ce, “Kawo nan, Bahaushe. Kafaɗar da kake zagi yau ita ce motarka.”

A wani rafi ruwa ya kai ƙirji. Suka ɗaga gorar sama da hannu suka haye. Ni na koma na riƙo Iya, matar da ban taɓa haɗa ido da ita ba, ta damƙe hannuna har muka fita. Daga can ihun matata ya ragu. Iya ta ce sauƙi ne ya fara samuwa. Na leƙa cikin gwadon, na ga ba sauƙi ba ne, ƙarfin ihun ne ya ƙare.

Muka fito sansanin masu katako, inda na san mota tana zuwa lodi. Allah ya sa tana nan, direban kuma ya san mu. Ya leƙa ya ga matata, ya ce wa masu lodi su dakata da sauran. Aka shimfiɗa buhuna a kan katakon aka kwantar da ita. A wani ƙaramin ɗakin shan magani da ke bakin titi malamin asibiti ya fito ya taɓa cikin, ta zabura. Ya yi mata allura ya ce, “Wannan ba nawa ba ne. Kada ku tsaya ko'ina sai Kaduna.”

Ban taɓa shiga babban asibiti ba sai ran nan. Ko'ina rubutu a jikin ƙofofi, ni kuwa lokacin ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba, ban san ko harafi ɗaya na boko ba. Abokina ne ya yi ta tambaya har aka kai mu inda ya kamata. Likitan Ba'indiye ne, ba ya jin Hausa, sai wata ma'aikaciyar jinya, mutuniyar kudancin Zariya, take fassara. Ya danna cikin a hankali, ya kafa wani abu kamar ƙaho ya kara kunnensa, ya daɗe yana saurare. Ya sa aka ja labule ya ƙara dubawa. Da ya fito ya tambaya tun yaushe abin yake jikinta. Na ce damina biyu, ciki ne ya kwanta. Matar ta fassara masa. Bai yi dariya ba, ya dai girgiza kai.

Ta ce mini, “Malam, likita ya ce babu ɗa. Ƙari ne.”

Ta yi mini bayani da hannunta. Ta ce kowace mace tana da wasu 'yan abubuwa biyu a gefen mahaifa, dama da hagu, inda ƙwan haihuwa yake fitowa. Na dama ne ya yi jaka ta kumbura. Jakar tana rataye ne kamar duma a jikin yaɗonsa. Ciwon da yake zuwa yana tafiya a baya, jakar ce take juyawa tana komawa. Yanzu ta murɗe gaba ɗaya, jini ba ya shiga, tana ruɓewa a cikinta. In ba a buɗe an cire yau ba, matar ba za ta tashi ba. Ta ce sai da yardar miji.

Iya ta ce, “Ƙarya ne! Ungozoma biyu sun taɓa. Jikana za su yanka.”

Matata tana kan gadon turawa, na ɗauka ba ta ji. Sai ta kamo bakin rigata. Ta ce, “Malam, ai ka ce za a cece shi. Kada ka yarda. Ka mai da ni gida, zan jure.”

Na tsaya a tsakaninsu. A gefe ɗaya ga Inna da Iya da liman da duk matan garinmu, ga kuma abin da ni kaina na sa rai a kai. A ɗaya gefen ga baƙon mutum da ban taɓa gani ba, ko yarensa ba na ji. Abin da na sani da idona shi ne hannun da ya riƙe rigata ba shi da ƙarfin da zai kashe sauro.

Na ce wa ma'aikaciyar, “Tambaye shi, in ya buɗe ya tarar da ɗa fa?”

Ta tambaya. Ta ce, “Ya ce in ya ga ɗa a mahaifa ba zai taɓa shi ba. Ya ce amma ka yi sauri.”

Na dangwala yatsa inda aka nuna mini. Matata ta saki rigata. Da ake tura ta, ta kafe ni da ido har ƙofa ta rufe.

Da safe aka kira ni. Ma'aikaciyar ta fara ce mini matata tana da rai, an gama lafiya, tana barci. Na zauna a ƙasa a wurin. Sannan ta ce likita yana so in ga abin da aka cire, saboda in gaya wa mutanen gida.

Yana cikin wani farin kwano, girmansa kamar babbar gwanda, ya yi baƙi kamar hantar da ta kwana. Likita ya nuna mini wuyansa inda ya murɗe kamar igiya. Ya riga ya tsaga shi. A ciki akwai wani abu rawaya mai kauri kamar man shanu. Cikin man kuma ga gashi, baƙi, dogo, a cukurkuɗe. Ya juya da ƙarfen hannunsa, sai ga wani ɗan abu fari mai kama da haƙori.

Na ce, “Likita, wannan ai mutum ne.”

Ya gane ba sai an fassara ba. Ya yi magana mai tsawo, matar tana mayar mini. Ta ce ba mutum ba ne, bai taɓa zama mutum ba. Ba kai, ba zuciya, ba hannu. Irin wannan ƙari, da yake daga gidan ƙwai yake tasowa, yakan yi gashi da kitse, wani lokaci har haƙori, ko a jikin budurwar da ba ta san namiji ba. Ko shekara nawa ya yi ba zai motsa ba, ba zai yi numfashi ba. Mahaifar kuma ya duba, ba komai a ciki, bai taɓa ta ba, gidan ƙwai na hagun ma lafiyarsa ƙalau. Ta ƙara da nata, ta ce, “Malam, ni ma ranar da na fara gani kasa cin abinci na yi. Amma mun sha ganinsa a nan.”

Na yarda da shi, har yau kuma na yarda. Sai dai ban san Iya ta biyo ni ba. Tana bayana, ta leƙa ta kafaɗata, gashin kawai ta gani.

Ta ɗora hannu a ka. “Sun kashe shi! Wayyo, har da gashinsa!”

Ba bayanin da ya shige ta. Ta kwance ɗankwalinta ta ce a ba ta jikanta. Ma'aikaciyar ta yi magana da likita, ya ɗaga kafaɗa, aka naɗe aka ba ta. Ni da abokina muka nemi maƙabarta, muka haƙa ɗan rami a gefe muka rufe. Ba a yi salla ba. Muna dawowa abokina bai tsokane ni ko sau ɗaya ba.

Na so in riga kowa yi wa matata bayani, amma ɗakin mata ne, Iya ce take kwana a gindin gadonta, ni sai lokacin ziyara. Da na shiga ta farfaɗo, an jingina ta da matashi. Na yi mata sannu, ta amsa.

Ta ce, “Iya ta ce yana da gashi.”

Na ce, “Akwai gashi.”

“Baƙi?”

“Baƙi.”

“Namiji ne ko mace?”

Na ce, “Ba ko ɗaya ba ne. Ƙari ne. Na gani da idona, ba kai ba ƙafa.” Na faɗa mata duk abin da likita ya ce, har maganar duma da yaɗo, har cewa na hagun yana nan lafiya. Ta saurara ba ta katse ni ba.

Da na gama ta ce, “Kai ka sa hannu.” Ta juya fuskarta bango.

Da aka sallame ta gidan iyayenta ta koma. Iya ta so a fara mata wankan jego da tafasasshen ruwa. A nan surukina ya tsaya tare da ni, don ma'aikaciyar ta ja mana kunne a kan ɗinkin. A Gayam kuwa mutane suka riƙa zuwa yi mini gaisuwa, suna cewa Allah ya sa mai ceto ne. Da farko nakan tsaya in yi bayani. Sai in ga suna kallona da tausayi, kamar baƙin ciki ne ya taɓa mini kai. Wasu kuma suka daina zama kusa da ni a masallaci na wani lokaci. Inna kuwa abincina dai take ajiyewa ta koma ɗakinta.

Duk ranin nan ban je yankan katako sosai ba. Nakan ɗaure doya a bayan keke in tafi ƙauyensu, in zauna a zaure da surukina. A shiga a gaya mata na zo, a dawo a ce tana gaishe ni. Ina jin ƙarar taɓaryarta daga ciki, da haka na san ƙarfinta yana dawowa. Wata rana tsohon ya ce, “Ko in sa ta fito dole?” Na ce a'a, Baba, a bar ta. Ya ce, “Ni ban san abin da ke cikin kwanon nan ba. Na dai san da ka zauna a gida kamar yadda aka saba, da yanzu ba ta daka.”

Da ruwan farko ya sauka, na dawo daga shuka na tarar da ita a tsakar gida tana tankaɗe, yayanta ya rako ta ya koma. Ta ce sannu da aiki. Na ce sannu da zuwa. Ta kawo mini ruwa. Ba mu yi maganar ba, ba a ranar ba, ba a shekarar ba.

Allah bai ba mu haihuwa ba har yau, ko da yake likita ya ce hanya tana nan. Ciwon bai sake dawowa ba. Tabon yana nan daga cibiya zuwa ƙasa, yakan yi mata ƙaiƙayi in hadari ya haɗu.

Shekaru bayan haka aka yi kaciyar yaran unguwarmu, waɗanda aka haifa wajen lokacin da aka yi mata aikin. Ta wuni tana dama musu kunu, ta kama kazarta ɗaya ta bayar. Da yamma muna zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake, sai ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Da bana har da namu.”

Na buɗe baki, ta ɗaga hannu.

Ta ce, “Na sani, Malam. Ba sai ka sake faɗa ba. Ƙari ne. Wani lokaci har nakan yarda.” Ta zubar da tsakuwar da ta tara a tafinta. “Amma damina biyu ina yi masa hira in ka tafi gona. Wa nake yi wa?”

Na jawo faifan kusa, na taya ta tsince waken har aka kira magariba.